Jariri a Jirgin Sama: Darasi Kan Matsin Iska da Jikin Ɗan'adam

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama tare da mata masu goyo ya san wani abu da ba ya sauyawa. Jirgi zai tashi lami lafiya, jarirai su yi ta barcinsu, amma da zarar ya doshi sauka sai kuka ya kaure ta ko'ina. Mutane da dama suna ɗauka tsoro ne ko rigima irin ta yara. Gaskiyar magana kuwa ita ce kukan yana da dalili na kimiyya, kuma wanda ya fahimci dalilin zai iya rage wa jaririn wahala, wani lokaci ma ya tsare shi daga haɗari. Wannan darasi zai yi bayanin abin da ke faruwa ga iska idan aka yi sama, da yadda hakan ke shafar kunnen jariri da huhunsa da cikinsa, sannan da dalilin da ya sa hannun uwa kaɗai bai isa ya riƙe ɗanta ba idan jirgi ya yi girgiza.

Iska Tana da Nauyi

Ɗan'adam yana zaune ne a ƙasan wani babban teku na iska. Iskar nan tana da nauyi, kuma tana danna duk abin da ke ƙarƙashinta. Wannan dannawa ita ake kira matsin iska. A bakin teku matsin ya kai kimanin kilofaskal 101, wato daidai da a ɗora nauyin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita ta jikin mutum. Abin da ya sa ba a jin nauyin shi ne iskar da ke cikin jiki tana turowa waje da ƙarfi daidai da wanda ake danna ta da shi.

Wani masani ɗan Italiya mai suna Torricelli ne ya fara auna wannan matsi a shekarar 1643, inda ya nuna cewa iska na iya tallafe zaiba a cikin bututun gilashi har tsawon santimita 76. A shekarar 1648 kuma, bisa shawarar Blaise Pascal, aka hau da irin wannan ma'auni kan dutsen Puy de Dôme a Faransa, sai aka ga zaibar tana sauka yayin da ake ƙara hawa. Daga nan aka tabbatar cewa matsin iska yana raguwa gwargwadon nisan mutum daga ƙasa. Ga kimanin yadda abin yake:

Legas, a bakin teku: kilofaskal 101
Kano, mita 480: kilofaskal 96
Jos, mita 1,200: kilofaskal 88
Cikin jirgi a sama, daidai da mita 2,400: kilofaskal 75
Wajen jirgi, mita 11,000: kilofaskal 23

Manyan jiragen fasinja suna tafiya ne tsakanin mita 10,000 zuwa 12,000. A can matsin iska kimanin rubu'in na bakin teku ne ko ƙasa da haka, sanyi kuwa yakan wuce digiri 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos. Babu mai iya rayuwa a wurin ba tare da kariya ba. Don haka ake rufe jikin jirgi ruf, a riƙa cusa masa iska domin a ɗaga matsin da ke ciki. Jirgin fasinja na farko da ya fara aiki da wannan tsari shi ne Boeing 307, a shekarar 1940.

Sai dai ba a mayar da matsin cikin jirgi daidai da na ƙasa. Idan aka yi haka, bambanci tsakanin ciki da waje zai yi yawa, dole a ƙara wa jirgin kauri, nauyinsa da shan mansa su ƙaru. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada matsin ciki ya yi ƙasa da na wuri mai tsayin ƙafa 8,000, wato kimanin mita 2,400. Wannan ya yi kusa da tsayin dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a Nijeriya, da mita 2,419. Ke nan jaririn da aka shiga da shi jirgi a Kano tamkar an ɗauke shi ne an kai shi ƙololuwar wannan dutse cikin 'yan mintoci, sannan a sauko da shi cikin 'yan mintoci. Sababbin jirage irin su Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, suna riƙe matsin a daidai da mita 1,800, abin da ya ɗan sauƙaƙa lamarin.

Dokar Boyle

A shekarar 1662 Robert Boyle ya bayyana wata doka da duk ɗalibin kimiyya ya sani: idan zafi bai sauya ba, girman iska yana ƙaruwa yayin da matsin da ke kanta ya ragu, yana kuma raguwa yayin da matsin ya ƙaru. Ma'ana, idan aka ninka matsi da girma, amsar ba ta sauyawa.

Alal misali, a ɗauki iska mililita 100 a bakin teku, inda matsi yake 101. Idan aka ninka su za a sami 10,100. A cikin jirgi matsi ya koma 75. In aka raba 10,100 da 75 za a sami kusan 135. Wato iskar ta kumbura da kusan kashi ɗaya bisa uku. Duk wata iska da ke kulle a jikin mutum, ko a kunne, ko a hanji, ko a kogunan ƙashin fuska, haka za ta yi ƙoƙarin kumbura idan jirgi ya yi sama, ta kuma tsuke idan ya sauko.

Kunnen Jariri

Kunne ya kasu gida uku: na waje, na tsakiya da na ciki. Tsakanin na waje da na tsakiya akwai wata 'yar fata siririya, wato dodon kunne, wadda ke kaɗawa idan sauti ya buge ta. Kunnen tsakiya wani ɗan ɗaki ne cike da iska, kuma ƙofarsa guda ce tak: wani siririn bututu da ya gangara zuwa bayan hanci. Ana kiransa bututun Yustashi, da sunan Bartolomeo Eustachi, masanin sassan jiki ɗan Italiya da ya siffanta shi a ƙarni na 16. Yawancin lokaci bututun a rufe yake. Yana buɗewa ne na ɗan lokaci idan mutum ya haɗiyi wani abu ko ya yi hamma, domin a lokacin wasu tsokoki na ganɗa suna janyo bangonsa.

Idan jirgi yana hawa, matsin cikinsa yana raguwa, sai iskar kunnen tsakiya ta kumbura ta tura dodon kunne waje. Wannan bai cika damun mutum ba, domin iskar da ta kumbura tana iya ture bututun da kanta ta fice. Matsalar tana wajen sauka. A lokacin matsin cikin jirgi yana ƙaruwa, iskar kunnen tsakiya tana tsukewa, dodon kunne yana lotsawa ciki. Dole ne sabuwar iska ta shiga ta bututun, amma bututun ba ya buɗewa da kansa ta wannan fuska. Hasali ma, yadda bambancin matsin ke ƙaruwa haka bangon bututun ke ƙara mannewa. Dodon kunne ya yi ta miƙewa kamar fatar kalangu da aka matsa wa tsirkiya, ga shi kuma cike da jijiyoyin jin zafi. Abin da ke sa kuka ke nan.

Babban mutum yakan haɗiyi yawu, ko ya tauna cingam, ko ya toshe hanci ya hura a hankali, sai ya ji kunnensa ya buɗe. Jariri bai san wannan dabara ba. Bugu da ƙari, bututunsa ya bambanta da na babba. Na babba ya kai kimanin milimita 35 kuma a gangare yake, na jariri kuwa bai wuce rabin haka ba, kuma kusan a kwance yake, ga laushi. Majina kaɗan ta isa ta toshe shi. Shi ya sa jaririn da ke fama da mura ya fi shan wuya, kuma shi ya sa ake so a nuna wa likita duk yaron da ke ciwon kunne kafin a yi tafiya da shi.

Maganin abin yana da sauƙi: a sa jariri ya riƙa haɗiya. Shayar da shi nono, ko ba shi madara a bulumboti, ko robar tsotso, duk suna sa tsokokin nan aiki. Amma lokaci yana da muhimmanci. Jirgi yakan fara gangarowa kimanin rabin awa kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa, kuma tun daga lokacin matsin ke sauyawa. Uwar da ta ƙosar da ɗanta tun da wuri za ta tarar ya ƙi kama nono a daidai lokacin da ake bukata, don haka ya fi kyau a tsara shayarwar ta faɗo a kan wannan rabin awa. Idan yana barci, tashinsa ya fi alheri, domin mai barci bai cika haɗiya ba. Cusa auduga a kunne ba ya magance komai, saboda matsalar tana bayan dodon kunne, ba a gabansa ba. Shi kansa kukan yana da amfani, domin yana motsa tsokokin maƙogwaro, sau da yawa ya buɗe bututun.

Dokar Boyle ba ta tsaya a kunne ba. Jariri yakan haɗiyi iska yayin shan nono, kuma iskar tana kumbura a cikinsa idan jirgi ya yi sama. Saboda haka yana da kyau a saɓa shi a kafaɗa a bubbuga bayansa har ya yi gyatsa, kuma kada a ɗaure masa ciki da matsattsun kaya.

Numfashi da Iskar Oksijin

Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iska, ko a ƙasa ko a cikin jirgi. Abin da ke sauyawa shi ne ƙarfin da ke tura shi daga huhu zuwa jini. Tun da matsin cikin jirgi ya ragu da rubu'i, fasinja yana zama kamar wanda ke shaƙar iska mai oksijin kashi 15 zuwa 16 a bakin teku. Lafiyayyen mutum ba ya jin komai, domin sinadarin himogilobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana iya kama oksijin sosai ko da ya ɗan ragu.

Lafiyayyen jaririn da aka haifa a cikakken wata tara shi ma yana jure wannan. Duk da haka jikinsa yana da rauni ta wasu fuskoki. Hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, huhunsa bai gama girma ba, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi bai gama nuna ba. Yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, alhali babba yana yin 12 zuwa 20. A kwanakin farko bayan haihuwa kuma zuciya da huhu suna kan sabawa da aikin da mahaifa ke yi musu a da, kuma a lokacin ne wasu cututtukan da aka haifi yaro da su ke fara bayyana. Saboda haka ƙungiyoyin likitocin yara da na ƙirji a Amurka da Ingila suke ba da shawarar kada a hau jirgi da jariri sai ya cika kwana bakwai, wanda ya yi daidai da ranar suna a ƙasar Hausa. Idan tafiyar ba ta dole ba ce, jinkirta ta har ya kai wata biyu ko uku ya fi. Kowane kamfanin jirgi yana da tasa ƙa'ida a kan mafi ƙarancin kwanaki, don haka sai a tambaya kafin a sayi tikiti.

Akwai jariran da ba a tafiya da su sai da izinin likita: bakwaini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon huhu, da wanda ke fama da tari da sarƙewar numfashi. A wasu asibitoci akan yi wa irin waɗannan gwaji, a ba su iska mai oksijin kashi 15 na tsawon minti 20 ana auna jininsu, domin a ga ko za su bukaci ƙarin oksijin a jirgi.

Ciwon sikila yana bukatar kulawa ta musamman, musamman da yake Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi, kimanin 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006. Ƙarancin oksijin, da ƙarancin ruwa a jiki, da sanyi, su ne ke sa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma duka ukun ana iya haɗuwa da su a jirgi. A watannin farko jariri yana da kariya, domin yana ɗauke da irin himogilobin na ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwashewa. Wannan kariya tana raguwa wajen wata shida. Daga nan iyaye sai su nemi shawarar likita kafin doguwar tafiya, su kuma kula da shayarwa da rufe yaro da kyau.

Bushewar Iska da Ƙwayoyin Cuta

Iskar da ake janyowa daga mita 11,000 kusan ba ta da danshi. A cikin jirgi danshin iska yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, wato irin bushewar tsakiyar hunturu a Kano ko Damagaram. Takan busar da hanci da leɓe da fata. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi, ba a ƙara masa ruwa, sai dai a yawaita ba shi nonon, ita kuma uwar ta sha ruwa sosai. Mai ba da madarar gwangwani ta zo da tsaftataccen ruwanta, kada ta dogara da famfon bayan gidan jirgi. Tun 2006 filayen jirage da yawa suke hana shiga da abu mai ruwa fiye da mililita 100, amma akan ɗauke wa abincin jariri wannan doka bayan an duba shi.

Iskar jirgi ba ta da datti kamar yadda ake zato. Ana sabunta ta sau 20 zuwa 30 a awa, kuma wadda ake sake zagayawa da ita tana bi ta matata mai suna HEPA, wadda ke tare fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙwayoyin cuta. Haɗarin yana ga maƙwabcin kujera mai tari, da cunkoson filin jirgi, da hannuwan masu son ɗaukar yaro. Garkuwar jikin jariri ba ta yi ƙarfi ba, kuma a Nijeriya sai ya kai wata tara ake yi masa allurar ƙyanda da ta shawara. Wanke hannu da rage miƙa yaro ga baƙi suna da amfani ƙwarai. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai cika wata uku ba abu ne na gaggawa, ba a jira da shi.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne ɗura wa yaro maganin mura ko na ƙaiƙayi domin ya yi barci. Irin waɗannan magunguna suna iya rage ƙarfin numfashi a daidai wurin da oksijin ya riga ya yi ƙaranci. Maganin firometazin, alal misali, an hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara biyu ba. Wasu yaran ma maimakon barci sai su ƙara firgicewa.

Me Ya Sa Hannu Bai Isa Ba?

Yawancin kamfanoni suna barin yaron da bai kai shekara biyu ba ya zauna a cinyar babba. Dokar motsi ta biyu ta Newton ta nuna rauninsa: ƙarfi daidai yake da nauyin abu a ninka da saurin sauyin gudunsa. Idan jirgi ya faɗa gargadar iska aka fizge shi da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau biyar, jariri mai kilo 8 zai koma tamkar kilo 40 a hannun uwarsa, kuma cikin ƙiftawar ido. Kujerun jiragen zamani ana gwada su da fizga mai ninki 16. A irin wannan hali jaririn nan zai zama tamkar kilo 128, fiye da buhun siminti biyu da rabi. Babu hannun da zai riƙe wannan.

An ga haka a aikace. Ranar 19 ga Yuli, 1989, wani jirgi ƙirar DC-10 ɗauke da mutum 296 ya yi saukar gaggawa a Sioux City ta Amurka ya tarwatse, mutum 112 suka rasu. Akwai yara huɗu da ba su da kujera a ciki, kuma ɗaya daga cikinsu ya rasu. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, ta shafe shekaru tana fafutukar a wajabta wa jarirai kujera. Ranar 21 ga Mayu, 2024, kuma, wani jirgi da ya tashi daga Landan zuwa Singafo ya faɗa gargadar iska a saman Myanmar, fasinja ɗaya ya rasu, gwammai suka ji rauni.

Hukumomi sun rabu a kan mafita. A Turai ana ba uwa wata 'yar ɗamara da ake saƙalawa a tata a ɗaure jariri. Amurka ba ta yarda da ita ba, bisa hujjar cewa jikin babba na iya danne yaron. Abin da aka fi amincewa da shi shi ne a saya wa yaro kujerarsa, a ɗaura masa kujerar mota ta yara wadda aka amince a yi amfani da ita a jirgi. Duk da haka a 2005 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙi wajabta hakan. Hujjarta ita ce tsadar ƙarin tikiti za ta sa iyalai da yawa su koma tafiya a mota, inda haɗarin mutuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba, sai a rasa yara fiye da waɗanda aka tsirar. Wannan misali ne mai kyau na yadda lissafi ke shiga cikin tsara doka.

Akwai ƙa'idoji biyu da suka rage. Ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a bangon jirgi na hutawa ne kawai, ana fitar da yaro daga ciki lokacin tashi da sauka da girgiza. Idan kuma matsin cikin jirgi ya zube, takunkumin oksijin ya faɗo, uwa ta fara sa nata kafin na ɗanta. A tsayin mita 10,500 mutum yana da daƙiƙa 30 zuwa 60 ne kawai kafin hankalinsa ya gushe, kuma uwar da ta suma ba za ta taimaki kowa ba.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna Dokar Boyle da sirinji marar allura. A ja shi zuwa rabi, a toshe bakinsa da yatsa, sannan a danna: iskar za ta tsuke. A ja baya: za ta kumbura. Haka kuma a zuba ruwan ɗumi a gorar roba, a girgiza, a zubar, a rufe ta gam. Yayin da iskar ciki ke hucewa matsinta zai ragu, sai a ga gorar ta lotsa, kamar yadda dodon kunne ke yi wajen sauka. Da an sassauta murfin za ta koma daidai, wanda shi ne aikin bututun Yustashi.

Kammalawa

Lafiyayyen jariri yana iya tafiya a jirgin sama ba tare da wata illa ba, muddin an kiyaye abubuwa kaɗan: a bari ya yi kwari, a nemi likita idan yana da rauni, a shayar da shi yayin sauka, a guji maganin barci, a kuma ɗaure shi yadda ya kamata. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari tana da tushe a darussan fizika da bayoloji da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a mayar da matsin cikin jirgi daidai da na bakin teku?
2. An rufe balan-balan mai iska mililita 300 a Kano. Nawa girmanta zai zama a cikin jirgi idan matsi ya koma kilofaskal 75?
3. Bayyana dalilin da ya sa sauka ta fi hawa wahalar da kunne.
4. Kawo bambanci biyu tsakanin bututun Yustashi na jariri da na babba.
5. Jariri mai kilo 6 ya gamu da fizga mai ninkin jan ƙasa sau 9. Wane nauyi mai riƙe da shi zai ji?